Pieter-Steph du Toit a Japan: Tambayoyi da Amsoshi kan Rayuwar Ɗan Gefe a Wasan Zari-Ruga

Tun daga shekarar 2022, ɗaya daga cikin fitattun 'yan wasan zari-ruga na duniya, Pieter-Steph du Toit na Afirka ta Kudu, yake karɓar albashinsa daga wata ƙungiya da ke birnin Toyota a ƙasar Japan, amma duk da haka bai daina sanya koriyar rigar ƙasarsa ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu bibiyar wasan suka fi yi game da shi, da aikin da yake yi a fili, da kuma abin da zaman ƙetare ya ƙara masa ko ya rage masa.

Wane ne Pieter-Steph du Toit?

An haife shi ranar 20 ga Agusta, 1992, a birnin Cape Town, ya kuma tashi a gonar iyayensa ta inabi da zaitun mai suna Kloovenburg, a garin Riebeek-Kasteel da ke yankin Swartland. Wasan gado ne a gidansu, domin kakansa, Piet du Toit, ya buga wa ƙungiyar ƙasa ta Springboks daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon shekarun 1960. Shi kuwa jikan ya fara fitowa fili ne a 2012, lokacin da matasan Afirka ta Kudu 'yan ƙasa da shekara 20 suka ci kofin duniya na matasa a gida, bayan sun doke New Zealand da maki 22 da 16 a filin Newlands. Ya buga wa ƙungiyar Sharks ta birnin Durban har zuwa 2015, sannan ya koma Stormers ta Cape Town a 2016, inda ya zauna har 2021. Wasansa na farko a babbar ƙungiyar ƙasa ya zo ne a watan Nuwamba na 2013, a karawa da Wales a birnin Cardiff. Tsayinsa ya kai mita biyu.

Mene ne aikin ɗan gefe a cikin fili?

Kowace ƙungiya tana fita da mutum 15, takwas daga cikinsu 'yan gaba ne masu ƙarfin ƙirji, bakwai kuma 'yan baya ne masu gudu da raba ƙwallo. Idan alƙalin wasa ya ba da umarnin turereniya, wato 'yan gaba takwas na kowane ɓangare su sunkuya su haɗa kafaɗu suna tura juna a kan ƙwallo, akwai mutum biyu da ke manne a gefe, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, kowanne da kafaɗa ɗaya kawai a jikin taron. Waɗannan su ne 'yan gefe, masu lamba 6 da 7. Da yake ba a tsakiyar taron suke ba, su ne ke fara ɓallewa da zarar ƙwallo ta fito, kuma su ne ake sa ran su fara isa ga duk wanda ya ɗauke ta.

Aikin ya kasu gida biyu. Wanda ke tsayawa ta ɓangaren da fili ya fi faɗi yakan kasance mai sauri da gajeren jiki, aikinsa shi ne ya riga kowa isa wurin da aka kayar da ɗan wasa, ya duƙa a kan ƙwallon da ƙafafunsa a ƙasa, ya ƙwace ta kafin abokan wanda aka kayar su iso su ture shi. Wanda ke ta ɓangaren da fili ya matse, kusa da layin gefe, yakan fi girma, kuma an fi buƙatarsa wajen kayar da manyan mutane, da ɗaukar ƙwallo ya kutsa cikin taro, da tsalle idan an jefo ƙwallo daga bakin layi. Du Toit na wannan rukuni na biyu ne. A mafi yawan ƙasashe mai wannan aiki lamba 6 yake sakawa, amma a Afirka ta Kudu al'adar ta juya lambobin, shi ya sa ake ganin Du Toit da lamba 7, kyaftin Siya Kolisi kuma da lamba 6.

Abin da ba ya fitowa sosai a talabijin shi ne yawan faɗuwa da tashi. Ɗan gefe zai kayar da mutum mai nauyin kilo fiye da 100, ya mirgine daga kansa cikin gaggawa don kada a hukunta shi, ya miƙe, ya koma layin tsaro, kafin ya gama maido da numfashi wani ya sake tunkaro shi da gudu. Haka zai yi ta yi har minti 80 su cika. Duk wanda yake so ya fahimci dalilin da ya sa irin waɗannan 'yan wasa suke auna yawan wasannin da za su buga a shekara kafin su sa hannu a kwantiragi, to daga nan ya kamata ya fara.

Tun farko ɗan gefe ne shi?

A'a. Ya fara ne a layi na biyu na turereniya, inda ake ajiye dogayen mutane, amma Afirka ta Kudu tana da irinsu da yawa a lokacin, kamar Eben Etzebeth da Lood de Jager da Franco Mostert. Gwajin farko da aka yi masa a gefe bai zo da daɗi ba. Yana cikin waɗanda suka fara wasan da Japan ta doke Afirka ta Kudu da maki 34 da 32 a birnin Brighton a gasar kofin duniya ta 2015. A watan Nuwamba na 2016 kuma, a filin Twickenham, ɗan wasan Ingila Ben Youngs ya yaudare shi har sau biyu ta hanyar yin kamar zai miƙa ƙwallo, Du Toit ya bi iska, Youngs ya wuce ta gefensa, kuma duka biyun suka ƙare da cin maki. Ingila ta yi nasara da 37 da 21, masu sharhi da dama kuma suka yanke hukuncin cewa jikinsa ya yi girma da yawa ga wannan matsayi.

Rassie Erasmus, wanda shi ma tsohon ɗan gefe ne, bai yarda da wannan hukunci ba. Da ya karɓi horar da ƙungiyar ƙasa a 2018, sai ya tabbatar da shi a lamba 7, ya kuma gina salon tsaro mai rugawa kan abokan hamayya tun kafin ƙwallo ta zauna a hannunsu, salon da yake buƙatar dogon mutum mai numfashin da ba ya ƙarewa. A 2019 Afirka ta Kudu ta ci kofin duniya bayan ta doke Ingila da 32 da 12 a birnin Yokohama, aka kuma zaɓi Du Toit gwarzon ɗan wasan duniya na shekarar.

Me ya sa ya bar gida alhali yana kan ganiyarsa?

Kuɗi yana cikin dalilan, kuma babu abin kunya a faɗin haka. Darajar kuɗin Afirka ta Kudu, wato rand, ba ta iya gogayya da abin da ƙungiyoyin Japan da Faransa ke biya, sana'ar kuwa gajeruwa ce, rauni ɗaya na iya rufe ta a rana guda. Amma wanda ya tsaya a kan kuɗi kawai bai duba tarihin jikin mutumin nan ba.

A shekarunsa na Sharks jijiyar gwiwarsa ta tsinke, har mahaifinsa ya ba da wani yanki na jijiyar bayan cinyarsa aka dasa masa. A ƙarshen watan Fabrairu na 2020, a wasan Stormers da ƙungiyar Blues ta New Zealand a Newlands, ya samu bugu a cinya wanda da farko aka ɗauka irin na yau da kullum ne. Ashe jini ne yake taruwa a cikin naman cinyar, yana matse jijiyoyi har jini ya kasa gudana zuwa sauran ƙafar. Sai da aka yi masa tiyatar gaggawa aka tsaga cinyar don a saki matsin, likitoci kuma suka bayyana daga baya cewa saura ƙiris a yanke ƙafar. Ya shafe fiye da shekara guda bai buga wasa ba. Da ya dawo a 2021, sai kafaɗarsa ta samu rauni a wasa na biyu na karawar da Afirka ta Kudu ta yi da haɗakar 'yan wasan Birtaniya da Ireland da ake kira Lions.

A daidai wannan lokaci ne manyan ƙungiyoyin Afirka ta Kudu huɗu suka bar gasar da suke yi da ƙungiyoyin New Zealand da Ostireliya, suka shiga gasar Turai ta United Rugby Championship, wadda ake bugawa daga wajen Satumba zuwa Yuni. Ƙungiyar ƙasa kuwa ba ta sauya jadawalinta ba, tana wasa daga Yuli zuwa Nuwamba. Ma'anar wannan ita ce ɗan wasan da ke gida kuma yake buga wa ƙasa ba shi da wani tsayayyen lokacin hutu a shekara. Mutumin da ya kusa rasa ƙafa yana da shekara 27, in ya zaɓi wurin da za a rage masa wannan nauyi, ni a ganina ya yi lissafi mai kyau.

Wace irin gasa ce ake bugawa a Japan?

Sunanta Japan Rugby League One, an fara ta a watan Janairu na 2022, ta maye gurbin tsohuwar gasar Top League da aka kafa a 2003. Rukunin farko yana da ƙungiyoyi 12, ana kuma buga kakar wasa daga lokacin sanyi, wajen Disamba, zuwa wajen Mayu. Yawancin ƙungiyoyin mallakar manyan kamfanoni ne, irin su Toyota da Panasonic da Toshiba da Kubota da Suntory, kuma har yanzu akwai 'yan wasan Japan da ma'aikatan kamfanin ne, suna haɗa aikin ofis ko na masana'anta da atisaye. Ƙungiyar Du Toit, Toyota Verblitz, tana jihar Aichi. Steve Hansen, wanda ya jagoranci New Zealand ta ci kofin duniya a 2015, ya riƙe ragamar harkokin wasanta, kuma fitattun 'yan New Zealand biyu, Aaron Smith da Beauden Barrett, sun zo ƙungiyar bayan gasar kofin duniya ta 2023, wato mutanen da Du Toit ya gama fafatawa da su a wasan ƙarshe sun zama abokan ɗakin sauya kayansa cikin 'yan makonni.

Wasan Japan ya fi gudu da yawo da ƙwallo, bai kai na Faransa ko Ingila nauyin karo ba, tafiye-tafiyen kuma duk cikin ƙasa ɗaya ne, da yawa a jirgin ƙasa mai sauri. Akwai kuma iyaka ga adadin baƙin da suka taɓa buga wa wata ƙasa da za a iya sakawa a wasa ɗaya, saboda haka ƙungiya takan juya su, wani ya huta wani ya shiga.

Ba a cewa wanda ya tafi Japan ya tafi hutun ƙarshen sana'a ne?

An daɗe ana faɗin haka, kuma a da akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amsar Du Toit ta zo ne ranar 28 ga Oktoba, 2023, a filin Stade de France da ke wajen birnin Paris, a wasan ƙarshe na kofin duniya tsakanin Afirka ta Kudu da New Zealand. An yi ruwa, ƙwallo tana santsi, Afirka ta Kudu ba ta dire ƙwallo a bayan layi ko sau ɗaya ba, duk makinta 12 daga bugun fenareti huɗu na Handré Pollard suka fito. Abin da ya rage shi ne tsaro, a nan kuwa Du Toit ya kayar da mutum sau 28. Jordie Barrett na New Zealand ne ya fi ɗanɗana kuɗarsa, domin sau da yawa ƙwallo na isa hannunsa Du Toit na isa ƙirjinsa, ya mayar da shi baya. An tashi 12 da 11, aka ba Du Toit kyautar gwarzon wasan. A lokacin ya riga ya yi kaka biyu a Japan.

Bayan shekara guda, a watan Nuwamba na 2024, aka sake zaɓarsa gwarzon ɗan wasan duniya, ya zama ɗan Afirka ta Kudu na farko da ya ci kyautar sau biyu. Kuma ba shi kaɗai ba ne, domin tawagar da ta ci kofin 2023 tana ɗauke da wasu mazauna Japan, irin su Faf de Klerk da Jesse Kriel na Yokohama Canon Eagles, da Damian de Allende na Saitama Wild Knights, da Kwagga Smith na Shizuoka Blue Revs, da Franco Mostert na ƙungiyar Honda.

Yaya aka yi yake buga wa ƙasarsa alhali ba a gida yake wasa ba?

Kowace hukumar ƙasa ce ke tsara wa kanta doka a kan wannan. A 2017 hukumar Afirka ta Kudu ta ce ba za a gayyaci mazaunin ƙetare ba sai wanda ya buga wa ƙasa wasa 30, amma a farkon 2019 ta soke sharaɗin gaba ɗaya, saboda ta gane cewa ba ta da kuɗin riƙe taurarinta, kuma hana su rigar ƙasa bai hana su tafiya ba. Dokar hukumar duniya ta World Rugby ta tilasta wa ƙungiyoyi su saki 'yan wasa a lokutan da aka keɓe domin wasannin ƙasashe, kakar Japan kuma tana ƙarewa kafin wasannin Yuli su fara, don haka ba a cika samun karo tsakanin Toyota da Springboks ba.

Wasu ƙasashen sun bi wata hanya dabam. New Zealand ba ta gayyatar wanda ya sa hannu a ƙetare, sai dai wanda ta ba izinin tafiya ta ɗan lokaci, shi ya sa ɗan gefenta Shannon Frizell ya rasa gurbinsa da ya koma Toshiba Brave Lupus. Ingila ma haka take: Jack Willis ya tafi Toulouse ne bayan ƙungiyarsa ta Wasps ta durƙushe saboda bashi a 2022, ya ci manyan kofuna a Faransa, amma da ya zaɓi ya ci gaba da zama can sai ƙofar ƙungiyar ƙasa ta rufe masa. Da Du Toit ɗan ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe ne, da sai ya zaɓa tsakanin lafiyar jikinsa da rigar ƙasarsa.

Zai iya buga wa Japan wata rana?

Ba zai iya ba. Wanda ya riga ya buga wa babbar ƙungiyar wata ƙasa ba ya sauya sheƙa, sai in ya yi shekara uku bai buga mata ba, kuma shi ko iyayensa ko kakanninsa an haife su a ƙasar da yake son komawa. Wanda bai taɓa buga wa kowa ba ne zai iya cancanta ta hanyar zama. Ta haka ne wani ɗan gefe ɗan asalin Afirka ta Kudu, Pieter Labuschagné, ya zama ɗan wasan Japan, har ya jagorance ta a ranar da ta doke Ireland da 19 da 12 a gasar 2019. Michael Leitch kuma, wanda ya ja ragamar Japan a nasarar Brighton, a New Zealand aka haife shi, ya je Japan karatu yana ɗan shekara 15.

Me ya rasa saboda wannan tafiya?

Ya rasa kofi a matakin ƙungiya. A kakar farko bayan tafiyarsa, Stormers ta lashe United Rugby Championship a 2022 bayan ta doke Bulls, wata ƙungiyar Afirka ta Kudu, a Cape Town, kofin da da ya zauna da hannunsa na ciki. A Japan kuwa, Saitama Wild Knights ce ta ci kakar farko, Kubota Spears ta ci ta biyu, Toshiba Brave Lupus ta ci biyu da suka biyo baya, Toyota ba ta samu ko ɗaya ba duk da manyan sunayen da ta tara.

Asarar da ta fi wannan girma ba tasa ba ce, ta masu kallo ce a gida. Yaron da ke tasowa a Malmesbury, garin da Du Toit ya yi makarantar sakandare, ba ya samun damar ganinsa a fili duk mako, sai 'yan wasannin ƙasa da ake bugawa a gida cikin shekara. Matasan 'yan gefe na Stormers ma sun rasa wanda za su koya daga gare shi a wurin atisaye, kuma wannan ilimi ne da ba a samunsa a bidiyo. Masu goyon bayan tsarin suna cewa tafiyar manya tana buɗe wa ƙanana gurbi, kuɗin da za a biya mutum ɗaya kuma ya isa a riƙe matasa da dama. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai ba ta share wancan rashin ba.

Duk wanda ya fita waje yana dacewa kamar yadda Du Toit ya dace?

Ba kowa ba. Siya Kolisi, abokin aikinsa a ɗaya gefen turereniya, ya koma Racing 92 ta birnin Paris bayan gasar 2023 da kwantiragin shekara uku, amma kaka ɗaya ya yi ya dawo Sharks a 2024. Gasar Faransa ta Top 14 doguwa ce, ƙungiyoyi 14 suna buga wasa 26 kowacce kafin zagayen ƙarshe, ga kuma gasar Turai a kai, mai ƙungiya kuwa yana son ya ga abin da ya biya a kowane mako. A ɗaya ɓangaren akwai Francois Louw, wani ɗan gefe na Afirka ta Kudu, wanda ya zauna a Bath ta Ingila daga 2011 zuwa 2020 kuma ya ci kofin duniya na 2019 daga can. Bambancin yakan ta'allaƙa ne ga yanayin gasar, da shekarun ɗan wasa, da yadda iyalinsa suka karɓi sabon wuri da sabon harshe.

Har yaushe zai ci gaba da wasa?

Gasar kofin duniya mai zuwa za a yi ta ne a Ostireliya a watannin Oktoba da Nuwamba na 2027, lokacin da Du Toit zai kasance yana da shekara 35. Afirka ta Kudu ta ci kofin sau huɗu, a 1995 da 2007 da 2019 da 2023, kuma babu ƙasar da ta taɓa cin sa sau uku a jere. Shekara 35 ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan gefe, amma Duane Vermeulen na Afirka ta Kudu ya buga wasan ƙarshe na 2023 a layin baya na turereniya yana da shekara 37, kuma shi ma ya yi zaman Faransa da Japan da Ireland ta Arewa kafin nan. Abin da zai yanke hukunci shi ne kafaɗu da gwiwoyin Du Toit, da kuma yawan wasannin da Toyota da Springboks za su amince su ɗora masa kafin lokacin.